Kalma ɗaya ta ci mini wata 4: yadda ake yi wa rumbun bincike tambaya

Na san abin da ya saba tara mu a nan shi ne waya da laftof da fawa-banki: wacce ta fi riƙe caji, wacce kyamararta ta fi gani da daddare. To abin da zan gwada muku yau ba a sayar da shi a Farm Centre, ba a kuma sa shi a caji. Ɗan akwatin nan ne da ake rubuta abin da ake nema a cikinsa, a Google Scholar ko arXiv ko IEEE Xplore. Ni dai na ɗauka tun ina sakandare na iya shi. Sai da ya ci mini wata 4 na karatu, ya kusa haɗawa da kuɗin tallafina, sannan na yarda ban iya ba.

Ina karatun digiri na biyu ne a injiniyan lantarki a jami'ar North Carolina A&T da ke Greensboro, a Amurka. Da aka ce kowa ya kawo abin da zai yi bincike a kai, ban yi dogon tunani ba. Duk wanda gidansu ke da sola a Kano ya san abin da hunturu ke yi: tun daga Nuwamba hazo ya sauko, ƙura ta kwanta a kan faranti, batirin da yake kai mutum asuba ya koma mutuwa ƙarfe 2 na dare. Sai na ce zan ƙera 'yar na'ura mai araha da za ta gaya wa mai gida lokacin da ya kamata ya wanke farantinsa. Dabarar kuwa, a ganina, tawa ce: a ajiye ƙananan faranti biyu gefe da gefe, a riƙa goge ɗaya kullum, a bar ɗayan ya sha ƙura, sai a riƙa kwatanta wutar da kowanne ke bayarwa.

Na shiga Google Scholar na rubuta abin da kowa zai rubuta, dust on solar panels in Nigeria. Maƙalu suka fito birjik. Na karanta na shafin farko da na biyu da na uku, duk suna auna yawan asarar da ƙura ke jawowa, ban ga mai maganar na'ura irin tawa ba. Shi ke nan na rubuta a takardar neman amincewa cewa ga giɓi na gano. Na sayi kayan haɗi, na yi zane, har na fara ba gida labari.

Ranar da na kai wa farfesan da ke duba aikina, bai ce uffan ba sai da ya kai shafi na 3. Ya juyo da allon kwamfutarsa wajena, ya rubuta kalma biyu: soiling ratio. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ashe masu wannan fanni ba dust suka fi cewa ba, soiling suke cewa. Ashe dabarar faranti biyun da nake taƙama da ita tana cikin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna aikin tashar sola, IEC 61724-1. Har kamfanin Kipp & Zonen na sayar da na'urar da ake kira DustIQ, wadda ke auna dattin gilashi da haske ba tare da an goge komai ba. Ni da nake zaton ni na fara isa kasuwa, ashe an ci an watse.

Ga wanda bai san tsarin nan ba: yawancinmu ɗaliban waje da aikin taimaka wa malami a bincike muke biyan kuɗin makaranta da na haya, kuma ana duba ci gaban mutum kowane zango. Wata 4 a banza ba ƙaramin abu ba ne. Farfesan bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in je laburaren Bluford in nemi ma'aikaciyar da ke kula da ɗaliban injiniya, in dawo bayan mako 3 da sabuwar tambaya. Abin da na koya a zama biyu da matar nan, da wanda na ƙara daga baya da kaina, shi zan zube muku.

Ƙofofin da muka riga muka sani

Duk wanda ya taɓa darasin lantarkin dijital ya san ƙofar AND da OR da NOT. Asalinsu lissafin George Boole ne, wani Bature ɗan Ingila da ya koyar a birnin Cork ya kuma wallafa littafinsa kan dokokin tunani a 1854. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibin digiri na biyu a MIT, ya nuna cewa wannan lissafi shi ne dai lissafin makunnan lantarki. Wayar da ke hannunka a kan wannan take tsaye. Abin kunyar, na ci jarrabawar darasin nan da kyau, amma bai taɓa zo mini a rai cewa akwatin bincike ma da waɗannan ƙofofi yake aiki ba.

Abu na farko da matar ta sa ni yi, ko kwamfuta ba mu taɓa ba. Takarda ta miƙo mini ta ce in raba tambayata gida-gida. Gida na farko: datti. Na biyu: faranti. Na uku: wuri ko yanayi. A ƙarƙashin kowane gida in jera duk sunan da wani masani zai iya kiran abin da shi. Datti ya zama soiling, dust deposition, dust accumulation. Faranti ya zama photovoltaic, PV module, solar panel. Wuri ya zama harmattan, Sahel, Nigeria, Niger, West Africa. Kalmomin gida ɗaya ana haɗa su da OR, domin kowacce ta fito ta wadatar. Gida da gida kuma ana haɗa su da AND, domin dole a samu duka. OR na faɗaɗa taru, AND na tsuke shi.

Tambayar da za ku yi ita ce wadda na yi: to ina zan san kalmar da ban sani ba? Ai nan gizo ke saƙar. Amsar ba ta da wani sirri. Ka ɗauki maƙalu 5 mafi kusa da abin da kake nema, kada ka karanta su tukuna, je ka ƙarƙashin tsakure ka kwafe muhimman kalmomin da marubutan suka jera. Sannan ka nemi maƙala ɗaya ta bita, irin wadda ke tattara ayyukan shekaru ta yi sharhi a kansu. Da na koma kan maƙalun da na riga na sauke, kalmar soiling na nan zaune a jerin kalmomin da yawa daga cikinsu. Idona ne yake tsallake ta, don ba ita nake nema ba.

IEEE Xplore, inda na fi daɗewa

A IEEE Xplore, in ka shiga binciken zurfi akwai sashen da ake kira Command Search. Fili ne fari, kai za ka rubuta umarninka. Ga irin wanda na fara da shi:

("Abstract":soiling OR "Abstract":"dust accumulation") AND "Abstract":photovolt* AND ("All Metadata":harmattan OR "All Metadata":Sahel)

Abu huɗu ke aiki a layin nan. Sunan da ke gaban ruwa biyu yana gaya wa injin inda zai duba: tsakure kaɗai, ko take kaɗai da "Document Title", ko duk bayanan maƙala. Wannan ya fi komai rage tarkace, domin kalmar da ta fito a tsakure ita ce ainihin batun aikin, wadda ta fito a shafi na 9 kuwa wataƙila wucewa kawai aka yi ta kanta. Alamar buɗe magana da rufewa tana ɗaure kalma biyu su zama abu ɗaya. Tauraro yana tsayawa a madadin duk ƙarshen da kalma za ta iya ɗauka, don haka photovolt* ya kamo photovoltaic da photovoltaics gaba ɗaya. Sai baka biyu, masu killace kowane gida.

Tauraron nan fa a yi hattara da shi. Na taɓa yin wayo na rubuta soil* don in kamo soiling da soiled lokaci ɗaya, sai ga ni tsundum cikin maƙalun auna damshin ƙasar noma. Ka yanke kalma a inda babu wata kalmar da ta fara da haka.

Baka biyu kuwa ba ado ba ne, kuma a nan na ga abin dariya. Ɗauki wannan: soiling OR dust AND photovoltaic. Kai a ranka ka san abin da kake nufi. Amma Web of Science yana fara aiwatar da AND kafin OR, kamar yadda ake fara yin sau kafin tarawa a lissafi. Wato zai ba ka duk maƙalar da ta haɗa ƙura da sola, sannan ya ƙara maka duk maƙalar duniya da ta ambaci soiling, ko da sola ko babu. Ita kuma kalmar nan likitoci ma na amfani da ita, ga yaron da ke ɓata wandonsa. Ka ga mai neman ƙurar hunturu ya tsinci kansa a asibitin yara. PubMed kuwa daga hagu zuwa dama yake bi, don haka layi ɗaya tak ya ba da amsa biyu mabambanta a rumbu biyu. Kada ka wahalar da kanka da haddace tsarin kowanne, killace komai da baka ka huta.

Akwai kuma NEAR, wanda a ganina shi ne mafi daɗin aiki kuma mafi ƙarancin masu amfani. In ka rubuta dust NEAR/4 module kana cewa ne kalmomin biyu su zo kusa da juna, tazarar ba ta wuce kalma 4 ba, ko wacce ta riga. Ya fi AND tsanani, ya fi alamar magana sassauci. ONEAR shi ne wanda ke tilasta ta farko ta riga ta biyu. A Scopus sunansu W/4 da PRE/4, kuma a can ana tattara take da tsakure da muhimman kalmomi a umarni ɗaya, TITLE-ABS-KEY. Scopus na da wani abin da na so ƙwarai, AFFILCOUNTRY, wanda ke fitar da ayyukan da aƙalla marubuci ɗaya ke aiki a ƙasar da ka ambata. Da shi na ga waɗanda ke wannan aiki daga jami'o'in Najeriya da Nijar da Senegal.

NOT kuma, shawarata ita ce a bar shi sai an rasa yadda za a yi. Nan North Carolina ba su da hunturu irin namu, amma a watan Afrilu garin furen itatuwa yake sauka rawaya shar a kan motoci da tagogi. Masana daga cibiyar NREL sun duba manyan tashoshin sola 5 a jihar nan, suka fitar a 2023 cewa a tsakiyar lokacin asarar kan kai kashi 15 cikin 100, kuma ruwan sama bai isa ya wanke shi duka ba. Ni kuma da na ga maƙalun pollen sun dame ni, sai na sa NOT pollen. Abin da ban lura ba, duk maƙalar bita mai kyau tana ambaton kowane irin datti, har da shi. Da hannuna na kori mafi amfanin abin da nake nema. NOT ba ya tambaya, kora kawai yake yi.

Google Scholar: kyauta ne, amma yana da hali

Na san da yawanku ba ku da shiga Scopus ko Web of Science, don sai jami'a ta biya. IEEE Xplore dai nema da karanta tsakure kyauta ne, sauke cikakkiyar maƙala ce ke neman kuɗi. Don haka Google Scholar ne gidan kowa tun fitowarsa a 2004. Sai dai bai san tauraron yanke kalma ba, kuma bai damu da baka biyu ba. Ko ya ce maka ya samu sakamako dubu 40, guda 1000 na farko kaɗai zai bari ka gani.

Abin da yake ji shi ne alamar magana, OR da manyan baƙaƙe, alamar ragewa manne da kalma a madadin NOT, sai 'yan umarni kamar intitle: da allintitle: da author: da source: da site:. Tsakanin kalma da kalma kuwa AND yake ɗauka ko ba ka rubuta ba. Gwada wannan ka gani:

allintitle: soiling photovoltaic harmattan OR Sahel OR Nigeria

Jerin zai yi gajarta har ka iya karanta shi kafin shayinka ya huce. Daga nan sai babban makamin Scholar, wanda babu ruwansa da alamomi: ƙarƙashin kowace maƙala akwai Cited by. Danna shi, ka ga duk wanda ya ambace ta daga baya. A saman wannan jeri akwai ɗan akwati da za ka latsa don ka yi nema a cikin waɗanda suka ambace ta kaɗai. Ka samu tsohuwar maƙala da kowa a fannin ke ambata, ka shiga nan, ka rubuta harmattan. Jerin manazartar maƙala yana kai ka baya, wannan kuma yana kai ka gaba.

Umarnin site: shi ke tono ayyukan gida da manyan rumbuna ba su ɗauka ba. Kundayen digiri na Jami'ar Ahmadu Bello suna rumbunta mai suna Kubanni. Mujallu irin su Nigerian Journal of Technology ta Nsukka da BAJOPAS ta Bayero suna African Journals Online. A Google na yau da kullum rubuta site:edu.ng filetype:pdf tare da kalmominka, a Scholar kuma site:ajol.info. Nan Greensboro ma jami'ar UNCG na riƙe da irin wannan rumbu, NC DOCKS, kowa na iya shiga ba tare da rajista ba. Mafi kyawun awon da na samu na ƙurar watan Janairu a Arewa, a kundin wani ɗalibi na same shi, ba a wata babbar mujalla ba.

Gargaɗi ɗaya kan author:. Sunayenmu ba sa zama wuri ɗaya a rubutun boko. Muhammad, Mohammed, Muhammed, kuma yau mutum ya sa sunan mahaifi a ƙarshe, gobe sunan gari. In kana bin sawun marubuci, gwada duka da OR. In kai ne za ka fara wallafawa, buɗe ORCID, lamba ce mai gurbi 16, kyauta, wadda ke bin ka ko ya aka rubuta sunanka.

arXiv, ga masu son taɓa lamba

Paul Ginsparg ne ya kafa arXiv a 1991 a cibiyar Los Alamos, ya koma jami'ar Cornell a 2001, yanzu maƙalunsa sun haura miliyan 2, duka kyauta. Gaskiya a nawa fannin bai taimaka sosai ba, masu harkar faranti sun fi zuwa mujallu da tarukan IEEE. Amma in harkarka ƙirƙirarriyar basira ce ko sarrafa harshe, can ne kasuwar take ci. Shafinsa na binciken zurfi ya wadatar, sai dai akwai ƙofar baya da aka tanada don masu rubuta manhaja. Kwafi wannan ka sa a burauza:

export.arxiv.org/api/query?search_query=cat:cs.CL+AND+abs:hausa&sortBy=submittedDate&sortOrder=descending&max_results=50

Ma'anarsa: a rukunin kwamfuta da harshe, kawo maƙalu 50 mafi sabunta da suka ambaci Hausa a tsakurensu. Za ka ci karo da ayyuka irin na ƙungiyar Masakhane, da NaijaSenti na 2022 wanda ya tattara saƙonnin Twitter a Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin. ti: na take ne, au: na marubuci, all: na ko'ina. A nan ba NOT ake cewa ba, ANDNOT ne, a haɗe. Amsar tana zuwa a tsarin Atom, don haka da layi kaɗan na Python za ka iya sa kwamfutarka ta riƙa dubo maka sababbi duk safiya. Sun roƙi a riƙa barin daƙiƙa 3 tsakanin kira da kira, don Allah a kiyaye. A tuna kuma ba a yi wa abin da ke arXiv tantancewar masana irin ta mujalla ba, akwai zinare akwai dusa.

Na san wani zai ce, malam, duk wannan wahala me ya kawo ta, ba ga ChatGPT ba? Ina amfani da shi, musamman wajen neman sunayen da abu ke amsawa. Da na tambaye shi tun farko wataƙila da ya ba ni soiling. Amma ba na karɓar sunan maƙala daga bakinsa sai na gan ta da idona a rumbu. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Kuma in kwamitin jarrabawa ya tambaye ka ya aka yi ka san ba ka bar wani aiki a baya ba, layin umarni za ka iya nunawa, kowa ya maimaita ya ga abin da ka gani.

Shi ya sa yanzu nake da shafi ɗaya a Excel: kwanan wata, sunan rumbu, layin da na rubuta harafi da harafi, yawan abin da ya fito, nawa na ajiye. Maƙalun kuma suna shiga Zotero, wanda shi ma kyauta ne. Layin da ya yi kyau sai in mayar da shi faɗakarwa, Scholar da IEEE Xplore duk suna aiko da imel in sabon abu ya dace da shi.

Bayan mako 3 na koma wurin farfesa da wata tambayar. Na'urar aunawa dai an riga ni. Abin da na ga ayyuka sun yi ƙaranci a kansa, cikin abin da layukana suka tono, shi ne lissafin mai ƙaramar tasha a garin da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa: kwana nawa ya dace a bari tsakanin wanki da wanki a tsakiyar hunturu, kafin kuɗin wutar da ake asara ya wuce kuɗin ruwa da na mai wanki. Ya karanta, ya nemi ganin shafin Excel ɗin, ya ƙara mini kalma biyu a gida na farko, ya sa hannu.

Kayan haɗin da na saya ban yar ba. Na aika su gida, yanzu faranti biyun suna kan rufin gidanmu a Kano. Ƙanina ne ke goge ɗaya duk safiya kafin ya tafi makaranta, ya turo mini hoton mita ta WhatsApp. Sharaɗinsa ɗaya: kuɗin data na wata a wuyana.